Gwajin sinadari a idon zomo: yaya ake yin sa, kuma har ina za a dogara da sakamakonsa?

Maisito_Sharaɗa: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina kula da sito a wata masana'antar sabulun ruwa, kuma kowane sinadari da ya shigo mana a ganga ko a buhu yana zuwa da takardar bayanan kariya mai sassa 16. A sashe na 11, inda ake bayanin illar sinadarin ga jiki, sau da yawa akan rubuta cewa an gwada shi a idon zomo bisa ƙa'idar 405 ta OECD, wato ƙungiyar ƙasashe ta haɗin kan tattalin arziki da ci gaba. Tambayata kashi biyu ce. Ina so in san yadda ake yin wannan gwaji a zahiri, domin ma'aikatanmu sukan tambaye ni. Na biyu, kuma shi ya fi damuna, muna sayen Texapon, sinadarin da ke sa sabulu kumfa, daga dillalai biyu, takardar ɗaya ta sa lambar H318 wadda ke nufin mummunar illa ga ido, ta ɗayan kuma ta sa H319 wadda ke nufin tsananin raɗaɗi da jan ido kawai, alhali a kan soda ash duk takardun sun yi ittifaƙi a kan H319. Idan zomo ɗaya ne kuma ƙa'ida ɗaya ce, daga ina saɓanin ya fito, kuma wacce zan bi?

MasaniyarGuba: Wa alaikumus salam, Malam Maisito. Bari in ɗauki kashin farko. Ana kiransa gwajin Draize, da sunan John Draize, masanin guba a hukumar abinci da magunguna ta Amurka, wanda shi da abokan aikinsa suka wallafa tsarin a 1944. Ƙungiyar OECD ta mai da shi ƙa'ida mai lamba 405 a 1981, kuma an yi ta yi masa kwaskwarima tun daga lokacin. Ana ɗaukar farin zomo zabiya mai lafiyar ido, a janye fatar idon ta ƙasa a hankali, a zuba mililita 0.1 idan ruwa ne, idan kuwa gari ne kada ya wuce miligiram 100, sannan a haɗe fatar idon kamar daƙiƙa ɗaya don kada abin ya zube. Ɗaya idon ba a taɓa shi, da shi ake kwatantawa. Ana duba idon bayan awa 1, awa 24, awa 48 da awa 72, idan kuma illar ba ta tafi ba a ci gaba da dubawa har kwana 21. Abu huɗu ake ba maki. Akwai hazon da ke sauka a kan koniya, wato tantanin nan garai-garai da ke gaban baƙin ido, daga 0 zuwa 4, inda 4 ke nufin ya yi fari fat har ba a hango abin da ke bayansa. Akwai kumburin da'irar baƙin ido daga 0 zuwa 2, da jan da farin ido da cikin fatar ido ke yi daga 0 zuwa 3, sai kumburin naman daga 0 zuwa 4, wanda a matakin ƙarshe idon kan kusan rufewa. Bayan awa 24 akan ɗiga wani rini mai suna fuloresin, wanda ke maƙalewa a duk inda koniya ta ɗaye, ya yi kore shar a ƙarƙashin shuɗin haske. Abin da ya raba lambobin nan biyu da ka ambata shi ne warkewa. Idan illar ta kai makin da aka ƙayyade amma idon ya koma daidai cikin kwana 21, sinadarin yana rukuni na 2, wato H319. Idan bai koma ba ko da a zomo ɗaya ne, ko kuma makin ya yi tsanani a zomaye biyu cikin uku, ya shiga rukuni na 1, wato H318.

Abu_Khalil: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na taɓa karantawa cewa an zaɓi zomo ne musamman saboda ba ya hawaye ko kaɗan, don haka ba shi da hanyar wanke abin da aka zuba masa. Idan haka ne, wannan ai azabtarwa ce da gangan.

LikitanDabbobi_Samaru: Ɗan'uwa Abu Khalil, maganar ta yaɗu sosai amma ba haka take ba. Zomo yana da ƙwayoyin da ke samar da hawaye, yana kuma da magudanar hawaye zuwa hanci, har ma toshewarta na cikin cututtukan da muke gani a zomayen gida. Abin da yake gaskiya shi ne ba ya ƙifta ido akai-akai kamar mutum, yakan yi mintuna da dama bai ƙifta ba, saboda haka abin da ya shiga idonsa yana daɗewa a ciki. Yana kuma da fatar ido ta uku wadda ke fitowa daga kusurwar hanci, tana iya share sinadarin, tana kuma iya riƙe shi a ƙarƙashinta. Koniyarsa ta fi ta mutum siranta. An zaɓe shi ne saboda idonsa babba ne, ba shi da launin da zai ɓoye ja, yana da sauƙin riƙewa, kuma kiwonsa ba tsada. Waɗannan bambance-bambance su ne suka sa a yawancin sinadarai idon zomo ya fi na mutum saurin illatuwa. Wani abin kuma, mililita 0.1 ya ninka abin da aljihun ido ke iya riƙewa, shi ya sa a wajajen 1980 kamfanin Procter & Gamble ya fito da wani salo da ake ɗiga kashi ɗaya cikin goma na wannan adadi kai tsaye a kan koniya, yana mai cewa hakan ya fi kama da yadda fantsama ke faruwa ga mutum.

Ɗan_Tarihi: Yana da kyau a tuna abin da ya haifar da gwajin kafin a yanke masa hukunci. A 1933 an sayar da wani rinin gashin ido mai suna Lash Lure a Amurka, yana ɗauke da sinadarin rinin da ake kira PPD, ya yi wa mata da dama gyambo a ido, wasu suka makance, aka kuma samu wadda ta rasu. A lokacin hukuma ba ta da ikon janye kayan kwalliya daga kasuwa. Dokar 1938 ce ta ba ta wannan iko, kuma daga nan ne aka buƙaci hanyar auna illa kafin kaya su isa hannun mutane. Adawa mai ƙarfi ta zo ne a 1980, lokacin da Henry Spira ya sayi cikakken shafi a jaridar New York Times yana tuhumar kamfanin Revlon da makantar da zomaye saboda kwalliya. Kafin shekarar ta ƙare kamfanin ya ware dala 750,000 ga Jami'ar Rockefeller don a nemo wata hanya.

Umm_Safiyya: Amma ai Turai ta haramta wannan gwaji tun 2013. Me ya sa har yanzu ake rubuta shi a takardun da Malam Maisito ke gani?

Injiniya_Hambug: Hajiya, haramcin da ya kammala a watan Maris na 2013 na kayan kwalliya ne da abubuwan da ake haɗa su da su. Sinadaran masana'antu suna ƙarƙashin wata doka daban mai suna REACH. A 2016 aka gyara ta, aka mai da gwajin da ba na dabba ba ya zama shi ne na farko a sha'anin ido da fata, ba a komawa ga zomo sai idan waɗancan hanyoyi ba su dace da sinadarin ba ko sun kasa ba da amsa, kuma ko a hakan sai ga sinadarin da ake sarrafawa ko shigowa da shi daga tan 10 zuwa sama a shekara. Layin da ake gani a takarda kuwa yawanci tsohon sakamako ne. Ba a gwada kowace ganga, ba a ma gwada kowace shekara. An yi gwajin sau ɗaya ko sau kaɗan, wataƙila shekaru talatin ko arba'in da suka wuce, kowane dillali kuma yana kwafo sakamakon.

Almajirin_Fiƙihu: Ina so in taɓa ɓangaren da Malam Abu Khalil ya ɗauko, domin gyaran da Likita ya yi bai kawar da damuwarsa ba, zomon dai yana jin zafi ko da yana hawaye. Hadisin Shaddad ɗan Aus da Muslim ya ruwaito ya nuna cewa Allah ya wajabta kyautatawa a kan kowane abu, har wanda zai yi yanka an umarce shi ya wasa wuƙarsa ya hutar da dabbar. Kowa kuma ya san labarin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare. A ɗaya gefen akwai ƙa'idar cewa larura tana halatta abin da aka hana, amma tare da ita akwai ƙa'idar cewa ana auna larura gwargwadon buƙatarta. Fahimtata, kuma ina ƙarƙashin gyaran malamai, ita ce idan babu wata hanyar kare idon lebura sai wannan, akwai uzuri, da sharaɗin a rage adadin dabbobin a kuma rage musu azaba. Da zarar an samu hanyar da ke ba da amsa iri ɗaya ba tare da dabba mai rai ba, uzurin ya faɗi. Don haka tambayar ta koma hannun masana: shin sababbin hanyoyin sun kai matsayin da za a ce an wadatu da su?

MasaniyarGuba: Malam Almajiri, sharuɗɗan da ka lissafa sun yi daidai da abin da Russell da Burch suka gabatar a 1959, wato a musanya dabba da wani abu inda zai yiwu, a rage yawanta, a kuma sassauta mata wahala. Ƙa'idar 405 ta yau ba irin ta farko ba ce. Da can akan yi amfani da zomaye shida ko fiye, yanzu ana farawa da ɗaya, idan ya nuna mummunar illa an gama, idan bai nuna ba a ƙara biyu don tabbatarwa. Kafin a kai ga zomo ma dole a duba bayanan da ake da su. Sinadarin da ma'aunin pH ɗinsa, wato awon da ke nuna ƙarfin asid ko kaifi irin na soda, yake 2 ko ƙasa, ko 11.5 zuwa sama, ko wanda aka san yana cin fata, ana ɗaukarsa mai lalata ido ba tare da an gwada ba, shi ya sa babu mai hankalin da zai zuba wa zomo soda mai ƙona fata a yau. Tun gyaran 2012 kuma ana yi wa dabbar allurar kashe zafi awa ɗaya kafin gwaji, a ɗiga mata maganin da ke kashe jin ido minti biyar kafin a zuba sinadarin, a ci gaba da ba ta maganin zafi har illar ta wuce. Idan koniya ta huje, ko jini ya taru a gaban ido, ko dabbar ta nuna tana cikin tsananin wahala, ana dakatar da gwajin a kashe ta ba tare da azaba ba. Ban ce wannan ya mai da abin mai daɗi ba. Wanda ya taɓa ganin zomo ya rufe ido ɗaya gam, kwantsa ta manne gashin fuskarsa, ya ƙi taɓa abincinsa, ba zai ce haka ba.

Ɗan_Kwata: Ni mahauci ne, kuma wani ɗalibi ya taɓa zuwa wurinmu da kular ƙanƙara yana neman idon shanu da aka yanka da asuba, ya ce na bincike ne. Shin yana da alaƙa da abin da kuke tattaunawa? Idan idon saniyar da aka riga aka yanka zai yi aikin, ban ga dalilin wahalar da mai rai ba.

LikitanDabbobi_Samaru: Mai yiwuwa ne ƙwarai, Malam. Akwai gwaji mai lamba 437 da OECD ta amince da shi a 2009, wanda ake yi da koniyar saniya daga mayanka. Ana yanko koniyar a ɗaure ta a wani ɗan akwati mai ɗaki biyu, gaba da baya, a zuba sinadarin a gabanta na minti 10 idan ruwa ne, a wanke, sannan a auna abu biyu: yawan hasken da ya daina ratsa ta, da yawan rinin fuloresin da ya tsallaka zuwa ɗakin baya. Ana haɗa su a fitar da maki. Wanda ya haura 55 mai lalata ido ne, wanda bai wuce 3 ba ba ya buƙatar gargaɗi, abin da ya faɗo tsakani kuma gwajin shi kaɗai ba ya yanke hukunci a kansa. Akwai makamancinsa da idon kaza mai lamba 438, akwai kuma wanda ake yi da tantanin koniya da aka raina daga ƙwayoyin halittar mutum, mai lamba 492, wanda aka amince da shi a 2015. Raunin idon mayanka shi ne ya mutu, ba zai nuna maka ko zai warke cikin kwana 21 ba, alhali warkewar nan ita ce iyakar da ke tsakanin rukunan biyu. A 2022 ne aka amince da ƙa'ida ta 467, wadda ke haɗa sakamakon gwaje-gwaje fiye da ɗaya don a iya rarrabe dukkan rukunan a wasu nau'o'in sinadarai.

Maisito_Sharaɗa: Na gode wa kowa, na samu abin da zan faɗa wa ma'aikata. Sai dai kashi na biyu na tambayata yana nan. Takardun biyu na Texapon suna gabana, kuma har yanzu ban san wacce zan liƙa a ƙofar sito ba.

Injiniya_Hambug: Malam Maisito, dalilin da ya sa soda ash bai kawo saɓani ba shi ne Tarayyar Turai ta tsayar masa da rukuni a hukumance, kowane mai sayarwa a can dole ya sa H319, sauran duniya kuma suna kwaikwaya. Sinadarin da ke cikin Texapon ba ya cikin wannan jeri, kowane kamfani ne ke rarraba nasa gwargwadon bayanan da ke hannunsa. Manyan masu sarrafa shi a Turai suna sa H318 idan ƙarfinsa ya kai kashi 10 cikin 100 ko fiye, H319 kuma tsakanin kashi 5 da 10. Wanda kuke saya a ganga mai kauri yawanci kashi 70 ne, don haka ni takardar H318 zan bi. Amma ka sani cewa shi kansa gwajin zomon ba ya maimaita kansa yadda mutane ke zato. Tun 1971 Weil da Scala suka raba sinadarai iri ɗaya ga ɗakunan gwaji fiye da ashirin, sakamakon ya yi ta karo da juna, domin ido ne ke ba da maki, kuma abin da wani ya kira ja mai maki 1 wani 2 zai ba shi. A 2016 masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins suka tattara bayanan da kamfanoni suka miƙa ƙarƙashin REACH, suka duba sinadaran da aka gwada fiye da sau ɗaya. Waɗanda aka ce ba sa illa sun maimaita amsarsu fiye da sau 9 cikin 10, amma na rukunin tsakiya kusan ɗaya cikin uku ne kawai suka sake faɗawa inda suka faɗa da farko.

Nas_Rabi: Ni a sashen ido nake aiki, kuma ina so in ce wa Malam Maisito lambar da ke kan takarda ba ta kai muhimmancin famfon da ke kusa da wurin aiki ba. Waɗanda ake kawo mana da mummunar ƙuna yawancinsu soda mai ƙona fata ce ko siminti ko ruwan batir. Asid yakan daskarar da saman ido kamar yadda zafi ke daskarar da farin ƙwai, wannan daskarewar ta rage masa shiga ciki. Soda da danginta kuwa narkar da tantanin suke yi suna nutsawa, cikin mintuna kaɗan sun kai cikin ido. Abin da ke ruɗar 'yan'uwan majinyaci shi ne idon da ya fi lalacewa ba lallai ya yi ja ba, wani lokaci gefen baƙin idon fari yake yi tas saboda jijiyoyin jinin wurin sun mutu, sai su ce ai da sauƙi. Abin da muke yi shi ne mu yi ta kwarara ruwa, mu juya fatar ido mu ciro ɓarɓashin da ya maƙale, mu sa takardar auna pH a cikin fatar ido ta ƙasa, ba ma tsayawa sai ta nuna kusan 7. A masana'anta a fara wankewa nan take da ruwa mai tsabta na aƙalla minti 15 zuwa 20, idan soda ce a kai minti 30, ana buɗe idon da yatsu, kafin a nemi mota. Kada a ɗiga ruwan lemon tsami da sunan kashe kaifin soda, kada a sa nono ko ruwan sukari. Wanda ya tsaya neman abin hawa kafin ya wanke, shi ne yawanci ke ƙarewa da hakiya.

Mai_Shakka: Akwai abin da ban gamsu da shi ba a wannan muhawara. Injiniya ya nuna cewa zomo ba ya maimaita amsarsa a rukunin tsakiya, Likita kuma ya ce raunin sababbin hanyoyin yana rukunin tsakiya. To da me aka auna ingancin sababbin hanyoyin? Da sakamakon zomo aka auna su. Idan idon saniya ya saɓa wa zomo a kan wani sinadari, ana rubuta cewa idon saniyar ne ya yi kuskure, alhali ba wanda ya tabbatar da cewa zomon ne ya dace da idon mutum. Saboda haka ina ganin amsar tambayar Malam Almajiri ita ce an wadatu tuni, abin da ya rage sabo ne da tsoron hukumomi.

MasaniyarGuba: Hujjarka tana da ƙarfi, kuma masana da yawa sun faɗe ta, amma ban bi ka har ƙarshe ba. Akwai sinadaran da illarsu ba ta bayyana a sa'o'in farko, sai bayan kwanaki jijiyoyin jini su fara ratsa koniya ko hazo ya ƙi tafiya, kuma irin wannan ne ido matacce ko tantanin da aka raina ba sa nunawa kai tsaye. Akwai kuma masu launi mai ƙarfi ko masu manne wa tantani, waɗanda ke rikita na'urar awo. Bayanan mutane da za a yi alƙalanci da su kuwa daga haɗurra suke zuwa, inda ba a san adadin da ya shiga ido ba, ba a kuma san minti nawa aka yi kafin a wanke ba.

Hajiya_Maisabulu: Ni ƙaramar sana'a nake yi a gida, ina haɗa sabulun wanke-wanke da Texapon da soda ash, ina koya wa wasu matan. Idan ɗanyen sinadarin H318 ne, sabulun da na tsinka da ruwa fa, a wane rukuni yake? Ba ni da zomo, ba ni da idon saniya.

Injiniya_Hambug: Hajiya, tsarin GHS na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ke rarraba sinadarai bisa haɗarinsu, ya tanadi lissafi don irin wannan. A ƙa'ida ta gama-gari, haɗin da ke ɗauke da kashi 3 cikin 100 ko fiye na sinadarin rukuni na 1 shi ma rukuni na 1 ne, daga kashi 1 zuwa ƙasa da 3 kuma rukuni na 2, sai dai idan sinadarin yana da iyakarsa ta musamman kamar kashi 10 da kashi 5 da na ambata wa Malam Maisito. Ki lissafa ainihin sinadarin, kilo ɗaya na mai kashi 70 giram 700 ne, ki raba da nauyin dukkan haɗin.

MasaniyarGuba: Lissafin Injiniya daidai ne, amma masu sarrafa sabulu a Turai sun daɗe suna ƙorafin cewa yana tsananta hukunci a kan kayan wanki, domin sinadaran kumfa idan aka gauraya su sukan rage wa juna kaifi. A haɗin Hajiya kuma akwai abin da ke ja ta ɗaya gefen, wato soda ash, wadda ke ɗaga pH. Kafin kowane lissafi, Hajiya, ki sayi takardar auna pH a shagon da kike sayen sinadaran, ki tsoma a sabulun bayan ya kwana, ki faɗa mana lambar da ta nuna.